Hulunan Tagwayen Hawandawaki

Duk yarinyar da ta zo wurina koyon saƙa, abin da nake fara yi shi ne in karɓe almakashinta in jefa a kwalla in rufe. Kuna jin haushi, na sani. Kun zo da salula cike da hotunan matan wata ƙasa, hannu na gilmawa, kafin a ƙifta ido hula ta fito har da tuntu, sai kuka ɗauka abin na hutu ne, a sami inuwa a miƙe ƙafa ana hira. To ni Saratu na tsufa da tsinken saƙa a hannu a garin nan na Tasawa, kuma har yau ban ga mai saurin yanke zare da ta zama gwana ba. Tunda kun dame ni da tambaya a kan almakashin, da kuma zobban kabar nan da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa, ku ajiye salular ku saurara.

A Kona na koya, wurin Mama Tabita, matar faston ƴar majami'armu. Ba ta da tsinken kanti da za ta ba ni. Wayar ƙafar keke ta samo wurin mai faci, ta sa na wasa bakinta a dutse har ya daina kama zare, ta soka guntun tsohon silifa a gindi don kada saƙar ta zube. Aikina na fari safar jariri ce. Na gama na kai mata ina washe baki, ta juya ta, ta duba diddigen, ta kama bakin zaren ta ja. Ina tsaye safar ta koma tsibin zare a cinyarta. Na sake, ta sake ja. Har na kai ƙara wurin uwata, uwata ta ce in koma, ita ba ta aike ni koyon kuka ba.

Da na koma Mama Tabita ta ce, “Ɗiyata, ba mugunta ba ce. Zare ya hi ki tsada a garin ga. Sai kin iya walwale aiki ba ki ɓata shi ba, kana in ce kin hwara.”

Ita ta koya mini kada in yanke wutsiyar zare in na gama, sai in naɗe ta in ɓoye a cikin baki. Ita ta koya mini haɗa zare biyu a tsinke ɗaya, mai kyau a gaba, koɗaɗɗe a baya, yatsa na tsare kowanne a wurinsa, yadda mai kallo daga waje ba ya ganin na bayan. A lokacin na ɗauka dabarar talauci ce kawai, na koya ne don kada ta yi faɗa.

Kayan aikina ba su da yawa, kuna ganinsu. Tsinkaye, sirara da masu kauri. Kwarashi guda biyu, ɗaya har ya lanƙwashe daidai yatsana. Sai ƙoƙunan nan da kuke ce wa kayan tsafi, alhali kawunan yara ne: wannan kan ɗan kwana bakwai, wannan na arba'in, wancan na mai rarrafe. A kansu nake gwada hula. Sauran kayan aikin a jikina suke. In an kawo zare, ina tsinkar ɗan sili in kai bakin wuta. In ya yi ƙaurin gashi na tumaki ne, zai tsuke a ruwan zafi, in ya narke ya dunƙule na roba ne. Sannan in goga shi a ƙarƙashin haɓata. Abin da ya sosa ni a nan, ba na sa wa jariri shi ko uwarsa za ta yi birgima.

Ku san masu sayen kayanku kuma. A nan ba wanda ke yin odar kayan jariri tun yana ciki. Ko cikin ya kai haɓa, ba a gan shi ba, ba a ji ba. Sai an sauka lafiya kaka ko gwaggo za ta faɗo miki kamar an koro ta, tana son hula da riga da safa kafin ranar suna. Ke ce za ki biya kunyar gidan da yatsunki. Matan ma'aikata su zo da hoto, su ce fari tas suke so da ƴar igiyar ado, len ɗin ma, wato zaren ulu, sai na kwali. Matan ƙauye su ce ja ko kore, wanda ba ya tona datti. Na saƙa wa ƴaƴan limamai, na saƙa wa ƴaƴan fastoci, kawunan duk iri ɗaya ne a kan ƙoƙo.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda aka rufe iyaka. Zarenmu daga kudu yake zuwa, ya tsaya. Dilolin gwanjo su ma suka tsaya, kuma gwanjo shi ne rumbuna. Wadda ba ta sani ba ta sani yau: rabin abin da na saƙa a rayuwata tsohuwar rigar sanyin wani ce. Sai dai ba kowace ake saye ba. Ki juya cikinta ki dubi ɗinkin gefe. In inji ya yanka ya dalle bakin, bar ta, guntaye za ta ba ki. In an haɗa ta da ɗinkin sarƙa, wannan zare ɗaya ne tun daga wuya har ƙugu. Ki warware, ki naɗa a ƙafafun kujera, ki wanke, ki rataya da dutse a ƙasa har ƙudundunewar ta miƙe.

Malam Idi mai gwanjo ya san ni tun yana shimfiɗa kaya a ƙasa. Da kaka ta wuce, sanyi ya fara leƙowa, na je na zazzage masa sauran buhunan da suka yi kwantai, yana ta mita wai na fi akuya ɓarna. A can ƙasa na sami wata ƴar rigar yaro mai ratsin ja da rawaya, gwiwar hannu ta huje. Na goga a haɓa, na ji kamar ba a taɓa ni ba. Mai saƙar, ko wace ce, ta san aiki, don ba ta yanke zare a wurin sauya launi ba, ta bi da shi ta gefe. Na samu curi biyu ƙanana, ja da rawaya. A duk shekarar nan ba ni da wani zare mai laushi sai su.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, na fito daga sujada na tarar da wata tsohuwa zaune a gindin bishiyar bedin ƙofar gidana, ƙafafunta fari fat da rairayi.

“Ke ce Saratu mai tsinke?” in ji ta. “Sunana Gwamma, daga wajen Hawandawaki. Ɗiyata Zulai ta sauka shekaranjiya, haihuwar hwari, biyu, duk mata, bakwaini. Ungozomar likita ta ce a manna su ga ƙirji, a ruhe musu kai, wai ta kai sanyi ka shiga. Na zagaye kasuwag ga kaf, hular da na ɗauka duk sai ta haɗiye su har wuya.”

Na jawo ƙoƙon ɗan kwana bakwai na nuna mata. Ta girgiza kai.

“To kan nasu kamar mi?”

Ta waiga, ta ga jikokin maƙwabta na gwaguyar goruba, ta nuna da baki. “Kamar waccan, in an ƙara kaɗan.”

Ina cikin fito da curin nan biyu sai ga Hajiya Balki, matar wani mai shago, wadda ta riga ta ƙyalla ido a kansu saboda jikanta da za a yi wa suna. Da ta ji inda za su, ta ja ni gefe ta ce, “Haba Saratu, bakwaini biyu cikin ɗarin ga? Ki bari su kwana arba'in tukuna a ga kamun ludayinsu.” Na ce mata jikanta ƙato ne, na gan shi, hular kasuwa ta ishe shi. Ta tafi da fushi, ta shekara ba ta tako gidana ba, ni kuma ban bi ta ba.

Na naɗe goruba da tsumma har ta kai girman da Gwamma ta ce, na kama aiki. Motar da ta kawo ta da la'asar take juyawa, sai na gama kafin nan. Ja ta Husaina, rawaya ta Hassana, don a riƙa bambance su. Ban yi tuntu ba, ko da yake Gwamma ta so, don tuntu yankakken zare ne, ya tafi ke nan. Maimakon haka na yi wa kowace hula baki mai tsawo na naɗe shi sama ninki biyu, sauran zaren na dunƙule na ɓoye a ciki. Na ce mata kan jariri ba ya jira, in hular ta fara matse su ta dawo mini da ita, ta zagaya kan kowacce da silin kaba ta ƙulla, ta kawo mini awon.

“In sun kai,” in ji ta.

“Ki dai kawo kabar,” na ce.

Bayan mako biyu ta dawo da huluna biyu da zobban kaba biyu, ɗaya ta shafa masa gawayi don in san na Hassana ne. Ranar na yi dariya har da tafi. Ta bar yaran manne a ƙirjin uwarsu cikin zane, da rana tsaka sanyi da sauƙi, amma dole hulunan su kwana a kansu. Babu lokacin wanki da rataya. Na ɗora tukunya, na warware, na riƙa bi da zaren ta cikin tururi har ya miƙe, na shanya a cinya, na sake saƙawa daidai sabon awo. Gwamma na gefe tana ɓare mini gujiya tana tsokanata, wai Kirista sun iya waƙa amma hannunsu sanyi. Na ce ta zo ta karɓi tsinken mana mu ga zafin nata. Zobban na rataya a ƙusa.

Haka muka yi ta yi cikin ɗarin nan. Duk zuwa, zobe ya fi na baya faɗi, ni kuma ina cin ajiyata. Na fara da dunƙulen da na ɓoye, ya ƙare. Na sauke ninki ɗaya na baki, sannan na biyun. Ina murna da girman kawunan, ina kuma jin tsoronsa, don sanyi bai da niyyar tafiya, iskar asuba har fasa leɓe take. Na shiga mota na je kasuwar Mayahi, na dawo da ciwon baya kawai. Na aika wurin wata ƴar'uwa a majami'ar Kanan-Bakashe, ta turo mini abawar da wata tsohuwa ta kaɗa. Zare mai kyau, amma auduga ce, tana riƙe gumi ta yi sanyi a kai, na yi safa da ita. Zuwan Gwamma na ƙarshe kafin abin ya faru, na saƙa har wutsiyar zaren, abin da ya rage bai kai tsawon yatsa ba. Na san in ta sake kawo zobe mafi faɗi, ba ni da abin ƙarawa.

Lahadi ta biyu bayan nan na fito daga sujada na hango ta a gindin bedi. Ba ta ce mini mai sanyin hannu ba. Muka gaisa, muka shiga ciki, ta kwance bakin zanenta ta ajiye a tabarma: huluna biyu, zobe ɗaya, marar gawayi.

Na daɗe ina kallon tabarmar. Na ji zafin abin har cikin ƙashina, yarinyar da ban taɓa gani ba, amma na san kanta fiye da kowa in ban da uwarta.

“Ran Laraba ta koma,” in ji Gwamma. “Tari ne. Mun kai ta likita, sun yi iyakar yinsu.”

“Allah shi ba ku haƙuri, shi raya wadda ta rage.”

“Amin.” Ta tura mini rawayar da ɗan yatsa. “Wagga ki ba wani can nesa, sadaka. Ba a barin kayan wanda ya tahi ga idon uwa. Zulai ko hawaye ba ta yi ba gaban mutane, kin san ɗiyar hwari, kunya ba ta bari. Amma ba ta cin abinci.”

Na ɗauki zoben Husaina na gwada a kan jar hular. Ya fi ta nesa ba kusa ba. Ko na ja zaren har ya yi kuka ba zai rufe kunnuwa ba, kuma in na saki saƙar ta yi faɗi, iska za ta bi ta ramukan kamar rariya. Na faɗa wa Gwamma gaskiya, na ce jan shi kaɗai ba ya isa, kuma babu wani zare a ƙasar nan da zan iya sa wa wannan kai sai wanda ke gabanmu.

Ta gane. Ta ce, “A'a, Saratu. Masu shigowa gaisuwa su ga mun sa ma mai rai kayan wadda ta tahi? Bakin mutane ba ya ƙyale mu. Wata ma sai ta hwaɗa gaban Zulai.”

“In ba su gani ba fa?”

“Ita uwar za ta gani.”

“Uwa za ta gani,” na ce, “ba ni iya ɓoye ma uwa cikin hular ɗiyarta. Amma sai in ta cire ta juya da hannunta. Ko haka, ko Husaina ta kwana da kunne waje yau. Ki zaɓa, rana na tahiya.”

Na tashi na ɗora tukunya, har ruwa ya fara tafasa. Sannan Gwamma ta ɗauki rawayar da kanta, ta lalubo wutsiyar inda na saba ɓoyewa, ta miƙo mini.

Ban taɓa yin aikin da ya ci mini yatsu kamar na ranar ba. Na ɗauko tsinke mai kauri, na haɗa zaren biyu yadda Mama Tabita ta koya mini, ja a gaba, rawaya a baya. Da kauri biyu saƙar na cin wuri da sauri, abin da ja ya kasa rufewa rawaya ya toshe ta ciki. Wahalar ita ce kada su juya. In yatsa ya yi sakaci sau ɗaya, rawaya ya leƙo waje kamar ƙwayar masara, sai an koma baya an gyara. Na koma baya ba sau ɗaya ba. Gwamma ba ta ɓare gujiya ba, ta riƙe curin biyu a cinya tana sakar mini. Yaran mota na kiran Hawandawaki a tasha lokacin da na rufe saman. Na ɗora a hannu na juya a rana: waje ja wur, ciki rawaya. Ga kauri, ga ta tana miƙewa, na san za ta kai su ƙarshen sanyi. Na naɗe wutsiyoyin biyu na ɓoye.

Ku lura da kyau, ku masu almakashi. Da na yi tuntu ranar fari don a yaba, ko da na riƙa datse wutsiya duk saƙa don baki ya yi tsaf, da ranar nan zaren bai kai ba. Abin da ya rufe kunnen yarinyar nan bai fi abin da kuke sharewa ku zubar kullum da yamma ba.

Gwamma ba ta sake zuwa ba a wannan sanyin. Zafi ya shigo, aikinmu ya mutu kamar yadda yake yi kowace bazara, na koma saƙa marufin kwano da jakar ƴan lakwal, wato makaranta, da zaren buhu. Damina ta zo, hanyarsu ta yanke. Ba wanda zan tambaya. Kowace Lahadi in na fito daga sujada sai na dubi gindin bedi, ban fasa ba. Kafin kaka kaya suka fara shigowa, Malam Idi ya buɗe sabuwar dila, zare ya dawo kanti.

Sanyi na sake kamawa, wata Lahadi na tarar da mace a gindin bedin, amma ba Gwamma ba. Yarinya ce siririya, da goyo. Ta durƙusa ta gaishe ni.

“Inna, ni ce Zulai. Iya ƙahwa ta hana ta tahiya, ta ce in gaishe ki, wai ko hannun ya yi zahi yanzu.”

Ta sauke goyon. Ƴar baƙa mai kumatu, da haƙora biyu, jar hular ɗofane a tsakar kai ta kasa sauka. Ta kama zanen uwarta ta miƙe tsaye tana harara ta. Na ce lalle wannan jikar Gwamma ce. Na rasa abin yi, sai na jawo kwandon sabon zare na zube gabansu, kore, shuɗi, fari, na ce ta zaɓa, sabuwa fil zan yi wa Husaina, wannan ta gama aikinta.

Zulai ba ta dubi kwandon ba. Ta cire hular daga kan ɗiyar, ta juya cikinta waje ba tare da ta duba ba, yadda hannu ke yin abin da ya saba. Rawayan ya koɗe ya yi laushi, wani wuri har ya yi sheƙi don shafa. Ta ciro zoben kaba daga bakin zane ta ɗora a kai.

“Wagga nika so ki walwale, ki ƙara da sabo in bai kai ba.” Ta sunkuyar da kai, don uwa ba ta kiran sunan ƴar fari. “Amma Inna, zaren yayarta, ki hiddo shi waje. A gani.”

Na ce, “Mutane fa?”

“Sun ci shekara suna ce mini mai ɗiya guda,” in ji ta. “Biyu na haihwa.”

Na ɗora tukunya. Jan na ƙara masa sabo na yi saman da shi, rawayan kuwa na saƙa shi shi kaɗai a baki, ya zagaye goshi da kunnuwa, inda duk wanda ya dubi fuskar yarinyar sai ya gan shi. Zulai ce ta riƙe curin tana sakar mini. Da na zo ƙarshe saura ɗan guntu, ta miƙo hannu za ta ɗauko mini almakashi a tabarma, na ce ta bari. Na naɗe shi na ɓoye a ciki, don kan zai ƙara girma.

Zoben Husaina ne wancan babba na gaba a ƙusa. In kuka duba na can baya za ku ga suna tafiya biyu-biyu, ɗaya da gawayi, har inda suka koma ɗaya. Ku ɗauki tsinkayenku. Wadda ta gama safarta ta kawo in ja.